Kafin Ka Yarda a Sauke Giyar Motarka

Damina ta ja jiki a Gadarif, an fara yankan riɗi, hanyoyin gona da suka yi wata uku ba sa biyuwa sun soma bushewa. To wannan lokaci shi ne kakar makanikai. Duk motar da ta sha taɓo tun daga watan Yuli yanzu take fitar da ciwonta, kuma mafi yawan saƙonnin da kuka turo mini a makonnin nan a kan abu ɗaya suke: tsohuwar Land Cruiser ko Prado mai giya otomatik ta fara wani hali, an kai ta gareji, an ce giya ta mutu, a kawo kuɗi a sauke.

Ni dai a ganina ana saurin yanke wannan hukunci. Ba wai makanikanmu macuta ba ne. Yawancinsu a kan giyar hannu suka koyi aiki, a kan tarakta da lori da boksi, inda idan giya ta yi gardama buɗewa ake yi a gani da ido. Otomatik ba haka take ba. Mai ne ke tafiyar da ita, waya da na'ura ke ba ta umarni, a bayanta kuma akwai wani akwati daban mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A gida Kano ana ce masa ogzilari, a nan za ka ji ana cewa dabal, ni kuma a wannan rubutu zan riƙa ce masa ƙaramar giya. Daga ita sai furfela biyu, sai aksul, sai taya. Ko wanne cikinsu ya samu matsala, abin da direba zai ji ɗaya ne, injin na kuka mota ba ta ja. Sai a bar jaki a kama dukan taiki.

A da, irin wannan kuskure bai da tsada sosai. Mutum zai yi tafiyar kilomita 400 da 'yan kai zuwa Khartum, ya zaga wurin masu safaya, ya dawo da abin da yake so. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kasuwannin can suka watse, aka koma dogaro da abin da ke shigowa ta Bur Sudan daga Dubai da Sharja, tafiyar kusan kilomita 800 daga nan, farashi kuma kullum yana bin dala. Kuɗin giya guda yau na iya cinye jarin da ka ware don sayen riɗi a daidai lokacin da ƙinɗari ke da sauƙi a bakin gona. Motar nan kuma ita ke kai wa 'yan aiki abinci da ruwa, ita ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare. Idan ta kwanta wata guda a gareji cikin kaka, gidan gaba ɗaya ne ke ji a jikinsa.

Motocin da nake magana a kansu su ne Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, wadda mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa suna Laila Alawi, da ƙanwarta 100 da ta fito a 1998, da Prado 90 da ta fara a 1996. Masu Tatsha da tsohuwar boksi ku yi haƙuri, yawancinku giyar hannu gare ku, amma maganar ƙaramar giya ta shafe ku, kada ku tsallake.

Mu fara da mafi ban tsoro: ka sa D, ka taka totur, injin ya ɗaga murya, mota ko motsi. Ka sa ribas, haka. Kafin ka kira kowa, dubi gajeriyar sandar nan da ke kusa da sandar giya. Tana da H, tana da L, a tsakaninsu akwai N. Idan ta zauna a N, ƙaramar giya ta saki furfela duka biyu, babbar giya na can tana aikinta tana juya iska. Yara na wasa a mota sukan ture ta, jarkar ruwa da aka cusa tsakanin kujeru takan ture ta, wani lokaci kuma direba ne ya fito daga L bai kai ta H sosai ba, ta yi tafiya kaɗan ta fice. Ka taka birki, ka mayar da babbar giya N, ka tura gajeriyar har ta zauna daram. Abin da ya fi damuna da wannan hali shi ne, idan ƙaramar giya na N, to P ba ta riƙe mota. Akwai fitilar da ke cewa A/T P a gaban direba don wannan gargaɗi. Wanda ya faka a gangara ya dogara da P kaɗai, ga yara na wasa a baya, to ya ja birkin hannu ya duba fitilar nan.

Idan sandar na wurinta amma har yanzu shiru, akwai gwaji na biyu da ba ya cin ko fam ɗaya. Motocin nan iri biyu ne. Akwai wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, akwai kuma wadda ke tafiya da ƙafafun baya sai an sa mata na gaba, ita ce mai ɗan murfi a tsakiyar tayar gaba da aka rubuta FREE da LOCK. A mai ja kullum, cikin ƙaramar giya akwai wasu haƙora masu raba ƙarfi, kuma halinsu shi ne duk inda ya fi sauƙi can suke tura ƙarfin. Da zarar wani ƙarfe ya karye ko haƙoransa sun cinye a ƙafa ɗaya tak, ƙarfin injin duka can zai zube, sauran ƙafafu uku su tsaya kallo. Mota ba za ta motsa ba, ko ta riƙa ja da ƙyar kamar mai ciwon baya. To danna maɓallin makullin tsakiya, mai hoton ƙafafu huɗu da alama a tsakiya. In motarka ba ta da maɓallin, sa L, domin a Land Cruiser 80 makullin kan shiga da kansa a L. Idan mota ta tashi ta tafi, wallahi babbar giyarka ba ta da laifi. Ita kuma mai FREE da LOCK, ka juya su zuwa LOCK ka sa H4. In ta tafi, ciwon na baya ne.

Bara na ga wannan da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu a kasuwar amfanin gona, motarsa ta tsaya a hanyar Doka, aka jawo ta gari, wani bakanike ya riga ya kwance kujera yana shirin sauke giya. Na ce masa, "Usta, don Allah ka ba ni minti biyu." Na shiga na sa L, mota ta taka kamar ba abin da ya same ta. Dattijon ya ce, "Kai yaro, me ka karanta mata?" Na ce, "Baba Alhaji, ba karatu ba ne, a duba ƙafar gaba." Aka buɗe, ashe ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarshen aksul na gaba ne haƙoransa suka side, abin da mutum zai rufe da tafin hannu. Shi ma bakaniken bai ji haushi ba, ya ce a lori ba su san wannan ba. Sai dai a kula, gwaji ne wannan da kuma hanyar lallaɓawa zuwa gareji, ba a mayar da shi tafiyar kullum.

Sai mai. A nan zan daɗe, domin rabin labarin giya otomatik a jikin geji yake rubuce, amma mutane da yawa ba su iya karanta shi ba. Ba a auna man giya kamar yadda ake auna baƙin mai. Sai mota ta yi tafiya ta ɗauki zafi, man ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, a faka a wuri mai daidai, injin na aiki ba a kashe ba. A taka birki, a zagaya da sanda daga P har L a dawo P, sannan a zaro geji, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya cikin alamar HOT. Idan ya gaza, famfon ciki na zuƙar iska, sai ka ga mota ta yi jinkirin shiga giya da safe, ko ta saki a kwana ta sake kamawa. Idan ya yi yawa, ƙarafa na kaɗa shi ya yi kumfa, shi ma alamarsa kusan iri ɗaya ce. Don haka wanda ya ji giya na wasa ya hau ƙara mai ba aune, yana iya ƙara wa kansa ciwo.

Ka ɗiga shi a farar takarda ka duba a rana. Lafiyayye ja ne garai kamar zoɓo mai kyau. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ya wari, ya tsufa ne, a canza. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, fayafayan kuloci na ciki sun ƙone, kuma canjin mai ba zai dawo da abin da ya ƙone ba. In kuwa ya zama fari-fari mai kauri, kamar an zuba nono a zoɓo, ruwa ya shiga, kada ka ƙara tayar da motar. Ruwa na shiga ta hanya biyu. Ta farko lagireto: man giya na bi ta wani bututu a cikinsa don ya huce, in bututun ya ɓule ruwa da mai su gauraye, za ka ga alamar har a murfin lagireto. Ta biyu ita ce tamu ta 'yan Gadarif. Giya da ƙaramar giya da aksul duk suna da ɗan hanci da suke shaƙar iska. Ka taho da zafi ka faɗa kwari mai ruwa, ko Khor Abu Farga ya cika ka ce bari ka gwada sa'a, ƙarfe ya huce farat ɗaya, hancin nan ya zuƙi ruwa. Ruwan na jiƙa abin da aka manne a fayafayan kuloci har ya saki, kuma ba a ranar ciwon ke bayyana ba, sai bayan makonni, shi ya sa yanzu ne gareji ke cika.

Uwargida, ga naki aikin, domin ke kika fi kowa sanin inda motar ke kwana. Ki sa yara su shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare. Da safe, baƙin ɗigo daga gaba na injin ne. Ja daga tsakiya na babbar giya ne, ko da yake man sitiyari ma ja ne, shi yana zuba can gaba. Mai kauri mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na ƙaramar giya ne ko aksul. Ki faɗa wa maigida launi da wurin, kin rage wa bakanike rabin aiki.

Akwai kuma wani yoyo da kwali ba ya kamawa. Man giya na raguwa, ana ƙarawa, ƙasa a bushe. Ina yake zuwa? Tsakanin babbar giya da ƙarama akwai sil. In ya mutu, jan mai na tsallakawa cikin ƙaramar giya. Ka sa a kwance notin da ake zuba mata mai, wanda ke gefe. A ƙa'ida mai na tsayawa daidai bakin ramin. In aka buɗe ya yi tsartuwa, ja-ja, tsararo, to ga ɓarawon. Ƙaramar giyar Land Cruiser 80 duka abin da take ci bai kai lita 2 ba, na mai kauri 75W-90, don haka ba ta jure gauraye ko ƙaranci. Kuma ga wata 'yar dabara: ko yaushe a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. Wanda ya tsiyaye sannan ya tarar na sama ya ƙi kwantuwa, ya zauna da mota ba mai.

Irin man da giyarka ke sha an rubuta shi a jikin geji ko a littafin mota. Tsofaffin nan Dexron II ko III suke sha, na baya-bayan nan T-IV ko WS, wasu cikinsu ma ba su da geji. Kada a gauraya don wani ya ce duk ja ne. Ni ba na sayen man giya na awo daga buɗaɗɗiyar jarka, ko nawa aka rage mini, araha ba ta ado. Idan za a canza wa tsohuwar giya mai, na fi son a tsiyaye a zuba, a yi tafiya kwana kaɗan a maimaita, domin abin da ke fita a tsiyaye ɗaya bai kai rabi ba, sauran na cikin kombata. A sauke tiren ƙasa a wanke rariya. A cikin tiren akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka a jikinsu ba komai ba ne, tsufa ne. Ɓurɓushi mai ƙyalli kamar tagulla, ko gutsattsarin ƙarfe da za ka ji a yatsa, ko baƙin ɓawo da yawa, wannan kam labari ya sha bamban.

Abin da ke kashe giya a ƙasar nan zafi ne, kuma baƙar lakarmu ke kawo shi. Ƙasar da ta sa aka kawo noman tarakta yankin Gadambaliya tun shekarun 1940, ita ce dai in ta jiƙa take kama taya kamar danƙo. Mota ta kafe, direba ya bar ta a H ya danne totur, ya buga D, ya buga R, ya sake D, taya na juyi. Duk wannan wahala a kan mai take ƙarewa, minti kaɗan ya isa ya dafa shi. Don irin wannan wuri aka yi L. Ka tsaya cak, ka sa N, ka shiga L tun kafin ka faɗa taɓon, ka bi a hankali. In ta kafe, a sauka a haƙa, a sa itace, ko a nemi tarakta. Haka in ka yi lodi ko kana jan tirela a hanyar gona, ka kashe O/D, kada giya ta riƙa hawa da sauka. Idan fitilar A/T OIL TEMP ta kama, ka tsaya ka sa P ka bar injin na aiki a hankali har ta mutu. Kada ka kashe, domin sai injin na juyi man ke zagayawa ya huce. Yanzu da kaka kuma, ƙaiƙayi da irin ciyawa da busasshen taɓo na toshe fuskar lagireto. A hure shi daga baya, a wanke, kafin zafin Afrilu ya zo ya tarar da shi a toshe.

To idan mota na tafiya amma canjin giyar ne bai yi ba fa? Tana jan giya ɗaya har injin ya yi ihu, ko ta canza da duka, ko ta ƙi shiga ta ƙarshe. Fara da abin da hannu ke taɓawa. Maɓallin O/D a kashe yake? An danna PWR, wanda dama aikinsa jinkirta canji ne? An danna 2nd, mai sa mota ta tashi da giya ta biyu ta ji nauyi? Sannan injin kansa. Gas ɗin da muke saye a durom yana zuwa da datti da ruwa, filta ta toshe, filtar iska ta cika da ƙura, injin ya rasa ƙarfi, direba ya ƙara danne totur, giya kuma ta ɗauka hawa ake yi ta ƙi canzawa. An sha zagin giya a kan laifin filta. Masu cire tamostat don wai ƙasar zafi ce su ma su sani, kwamfutar giyar nan ba ta barin O/D ya shiga sai injin ya ɗumama, don haka da sanyin safiyar Janairu za ka yi ta jira.

Akwai kuma wata waya ta ƙarfe, kamar ta birkin keke, da ta taso daga totur ta shiga giya. Ita ke gaya wa giya yawan ƙarfin da za ta matse kuloci da shi. In ta yi sako-sako, canji zai yi santsi giya ta riƙa zamewa, in ta yi tsauri ko ta maƙale, sai duka. Sau da yawa bayan an yi aikin famfon gas ko an sauke injin ake mantawa da saitinta. Aikin sifana biyu ne.

Na lantarki kuwa, motar da kanta take faɗa. In fitilar O/D OFF na ƙyaftawa ita kaɗai kana tafiya, kwamfuta ta ga matsala ta ajiye lamba. Mai aikin waya da ya san Toyota zai haɗa ramuka biyu a ɗan akwatin gwaji, fitilar ta ƙirgo lambar da ƙyaftawa. 62 da 63 na nufin solonoyid, 'yan ƙananan famfunan lantarki masu buɗe wa mai hanya. 42 na nufin na'urar auna gudu, kuma ga inda akwatunan biyu suka haɗu: na'urar nan a bayan ƙaramar giya take, inda taɓo da kara ke dukanta. In ka ga allurar gudu ta mutu ko tana rawa a lokacin da giya ta fara hauka, to can za a fara dubawa. Lambar fa ba ta ce kayan ne ya mutu ba, ta ce a layin ne. Motar da ta kwana kusa da rumbun dawa, ɓera ya fi kowa sanin wayoyinta. A bi waya, a wanke soket, kafin a sayi komai. Solonoyid ɗin ma ta tiren ƙasa ake canza su, ba sai an sauke giya ba.

Ƙara da girgiza kuwa, yawanci daga ƙaramar giya zuwa ƙasa suke. Tambayar farko: ƙarar na bin kukan injin ne ko gudun mota? In kana tsaye a P ka taka totur ta ƙaru, a nemi injin ko famfon giya. In sai mota na gudu take tashi, a nemi boris, furfela ko aksul. Wannan "ƙwas" da kake ji in ka sa D ko R, sau da yawa kuros ne na furfela ya bushe, ko wurin da furfela ke zamewa ya rasa giris. A shiga ƙasa, mota a kashe an sa mata waji, a girgiza furfela da hannu. Ƙaramar giyar Land Cruiser 80 da 100 haƙora ce zalla, in ta gaji kuwwa take yi. Ta Pajero sarƙa gare ta, in ta saki za ka ji tana tsalle "ƙaƙas-ƙaƙas" in an taka da ƙarfi.

Wani ya rubuto cewa motarsa na turjewa a kwana, taya na ƙugi, sitiyari ya yi nauyi, sandar dabal kuma ta ƙi fita. Ɗan'uwa, ka fito daga gona ka hau kwaltar Galabat da H4 ko da makullin tsakiya a kulle. A taɓo taya na zamewa ta sauke wahalar, a kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarafa su murɗe su ɗaure. Ka koma ƙasa mai laushi, ka yi ribas a miƙe 'yan taku kaɗan, za ta saki. In fitilar makullin ta ƙi mutuwa ko ta ƙi kamawa, ɗan injin lantarkin da ke tura shi ne ya sandare don rashin aiki ko ruwa, ana buɗe shi a wanke a sa giris. Shi ya sa nake cewa ko da rani a riƙa sa L da makulli sau ɗaya a wata a kan ƙasa. Taya kuma su zama girma ɗaya duka huɗu. Sabbi biyu manya a baya, tsofaffi ƙanana a gaba, a motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum, ƙaramar giya ce ke biyan bambancin kowane juyi.

In mota ta mutu a daji, otomatik ba a tura ta ta tashi. Kuma kada a ɗaura ta a tarakta a ja ta tun daga Hawata har gari injin a kashe, domin famfon mai ba ya aiki, ƙarafan ciki na juyi a bushe. A kwance furfela biyun a ɗaure a sama, noti kaɗan ne, ko a ɗora ta a lori. Mota da yawa ta tsaya da ƙaramin ciwo, jan da aka yi mata ne ya ƙarasa giyar.

Akwai ranar da giya ke mutuwa da gaske, ban ce babu ba. Mai ya cika daidai amma baƙi ne mai ƙauri, tire cike da ɓawo, waya da lantarki duk an duba, ka sa D ko R ka ƙirga har uku ko huɗu kafin ta kama alhali lafiyayya ba ta wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, in ta yi zafi kuma sai ta saki gaba ɗaya. Ko a nan, ka nemi bakaniken da ke da agogon auna ƙarfin mai ya ɗaura ya gani. In ba shi da shi, ka tambaye shi da ladabi, "Usta, da me ka gane?" Mai sani ba ya jin haushin wannan tambaya.

Idan ta tabbata, zaɓi biyu ne, a gyara taka ko a sayo ta hannu. Gyaran otomatik na son ɗaki mai tsabta da mai aikin da ya saba da ita, ba filin da iska ke kwaso ƙura ba. In ba ka samu irinsa ba, ni na fi karkata ga ta hannu, da sharaɗi. Lambar da ke jikin farantin motarka, A442F ce ko A343F, ta dace da wadda za a kawo, kuma ta injin gas daban, ta fetur daban, ko da sun yi kama a ido. A buɗe tirenta a gabanka kafin ka biya. A rubuta kwanakin gwaji a takarda da shaidu, yadda muke yi a cinikin amfanin gona. A wanke bututu da wurin hucewar mai sarai, ko a canza lagireto in shi ne ya jawo, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar a ranar farko. A tabbata kombata ta zauna har ƙarshe kafin a ɗaure da injin, domin in aka ja ta da noti famfo ne ke fashewa. Tsohuwar giyar kuma taka ce, ka sa a ɗora maka ita a mota ka kai gida, solonoyid da na'urorin jikinta za su yi maka rana.

Mako mai zuwa za mu taɓa gas mai ruwa da abin da yake yi wa famfon injin 1HZ, tun da masu tarakta ma sun yi ta tambaya.